Mai Tumatir da Inuwar Katanga

Barira mai gina shafukan intanet ce, kuma ranar da ta je wurin Malam Tanimu, wanda ya koya mata sana'ar, ranta a jagule yake. Wata ƙungiyar mata masu saƙa ce ta ba ta aikin shafin da za a riƙa sayen kayansu. Ta yi shi yadda zai baje a faffaɗar fuskar kwamfuta, ya tsuke a fuskar waya. Sai dai ta sa shi sauraron girman fuskar fiye da kima. Ko da faɗin gashi fuskar ta motsa, sai shafin ya rushe kansa ya sake ginuwa. Mai saye zai zaɓi mayafi da zane, ya taɓa wurin rubuta adireshi, haruffa su taso daga ƙasa su ɗan rage fuskar, shi ke nan, duk abin da ya zaɓa ya watse. Matan sun ce in ba a gyara ba za su kai aikin wani wuri, ga shi kuwa shi ne aiki na farko da ta karɓa da sunanta.

Ta soma kare kanta, wai ai in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Malam Tanimu bai musa ba. Shi dama ba ya shiga magana ta ƙofa, sai ya zagaya ta bayan gida. Ya tura mata kofin shayi, ya ce ta saurari wani misali.

An yi wata mai tumatir da ke kasa kayanta a gindin katangar kasuwa. Da safe inuwar katangar faɗi gare ta, sai ta yi ta janyewa, kafin azahar ta koma kamar tabarma a naɗe. Matar nan ba ta da lalaci ko kaɗan, ƙwazo ma shi ne ciwonta. Idonta kullum yana bakin inuwa. Da inuwar ta ja da baya da faɗin yatsa, sai ta miƙe ta kwashe kashi-kashin nan ta matsar, ta sake jerawa, ta ɗora manya a sama. Kafin ta zauna inuwar ta sake motsawa, ta sake tashi. Mai saye ya tsaya yana sallama, ita tana duƙe ta ba shi baya. Tumatir kuwa ba ya son yawan hannu. Rana ba ta taɓa ko ɗaya ba, amma kafin hantsi ya dubi ludayi duk sun yi laushi, wasu har sun fara tsiyaya. Wata mai tuwo-tuwo da ta saba sayen kwando guda a wurinta ta zo ta ɗauki ɗaya, yatsanta ya nutse a ciki. Ba ta ce komai ba, ta goge hannu a gefen zane ta matsa gaba.

Gaban da ta matsa, wurin maƙwabciyar mai tumatirin ne, katanga ɗaya, inuwa ɗaya, tumatir na lambu ɗaya. Ita wannan ta lura cewa duk tafiyar da inuwa za ta yi, shimfiɗa iri uku kaɗai kayanta ke bukata. Sai ta dasa duwatsu biyu a ƙasa. Muddin inuwa ta rufe na nesa, kayanta layi uku ne. Rana ta hau kansa, ta mai da su layi biyu. Rana ta hau na kusa, ta tattara su layi ɗaya a jikin katanga. Ko kallon inuwar ma ba ta yi. Ƙafarta take ɗorawa a kan dutsen ta ci gaba da ciniki da hirarta, sai ta ji rana ta cije ta a babban yatsa, sannan ta tashi. Mai ƙwazon nan ta koma gida da kwando mai ɗiga, tana ta mamakin yadda wadda ta fi ta zama ta fi ta kasuwa.

Malam Tanimu ya kurɓi shayinsa, ya tambayi Barira siffa nawa shafinta ke da ita. Ta ce uku, ta waya, ta matsakaiciyar fuska, da ta kwamfuta.

"To, 'yata, ki dasa duwatsunki," in ji shi. "Ki bar shafin ya yi ta sauraro, sauraro ba laifi ba ne. Amma kada ya ɗaga hannu sai faɗin ya tsallake iyaka. In saƙon girman fuska da ya zo masa yanzu irin na ɗazu ne, ya bar shi ya wuce. Makaɗi ya sosa kunnensa ba kiɗa ne ya canza ba."

Kunya ta kama Barira, amma sauƙin da ta ji ya fi kunyar yawa, domin ta ga gyaran ba mai nisa ba ne. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne mai tuwo-tuwon nan da ta goge hannu ta wuce ba ta ce uffan ba. Haka masu sayen mayafai suka yi ta wucewa, ba wanda ya tsaya ya yi ƙorafi, ita kuma tana duƙe tana gyaran layi. Ta jawo kwamfutarta ta buɗe.

Malam ya ce, "Da ma Hausawa sun faɗa, garin neman gira a rasa ido."