Neman Kabarin Kaptin Wilmot

Karo na tara ke nan da Kurshid Bibi ta hau matakalar ofishin hukumar gari, gwiwoyinta na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Akawun ko ɗaga kai bai yi ba.

"Inna, ke ce kuma? Na faɗa miki takardun zamanin Turawa gara ta cinye."

"Ko shafi ɗaya ba ta rage ba, ɗan nan?"

"Ta rage, na naɗe samosa da shi." Ya juya ga abokan aikinsa. "Ku tashi ku sara, tattaɓa-kunnen Kaptin ta zo karɓar garinta!"

Suka kwashe da dariya. Ta ja mayafi ta sauko, tana cizon leɓe.

Abin haushin, gaskiya yaron ya faɗa. Kaptin Wilmot ne ya haƙo koramar da ta mai da wannan hamada gonakin alkama, shi ya zana tituna takwas na garin nan, Wilmotganj. Ya auri Rajjo, 'yar wani mai jirgin fito. Da kwalara ta kashe shi, 'yan uwansa Turawa suka kori Rajjo da jaririnta tun kafin a ɗauki gawa. Ta mutu a ƙauyensu ba ta san inda aka sa shi ba. Wasiyyarta ɗaya ce ga jikanta Fazal Din: ya ɗebi ƙasar kabarinta ya zuba a na mijinta.

Fazal Din shi ne uban Kurshid. Ya yi shekara hamsin yana ajiye da ƙasar nan a gwangwanin shayi. Ya nemi kabarin Kaptin har ƙafa ta ƙi. Yanzu yana kwance, ko romon wake ba ya wuce masa maƙogwaro.

Ta je coci. Limamin cocin mutumin kirki ne, ya buɗe mata wani littafi mai warin ɓera.

"Ga sunansa, Bibi. An rubuta an binne shi a bayan gari saboda annoba."

"Bayan gari ta ina? Gabas ko yamma?"

"Ba su faɗa ba."

Bayan garin wancan zamani yanzu ya zama tashar mota, da masaƙa, da unguwanni uku. Ta bi su duka. Tsofaffin da ta tambaya, wani ya nuna mata juji, wani ya nuna gidan surukinsa da suke gaba.

Duk ranar Alhamis takan kai kukanta wurin waliyyin da ake kira Baban Bakin Ruwa, kamar kowace mace a garin. Kabarinsa na gefen korama, lulluɓe da koren yadi, wani kan wani. Ba wanda ya san malaminsa ko garinsu, amma kowa ya shaida shi ne mai mayar da abin da ya ɓata. Saniya, ɗan kunne, mijin da ya tafi birnin Karachi ya manta hanya. Ana kai masa fure da taba sigari, don an ce yana son hayaƙi. Kabarin bai daidaita da alƙibla ba, Nazar mai gadin wurin kuwa yakan ce waliyyin ne ya juya da kansa don ya riƙa kallon ruwa.

Kurshid ta ƙulla zare a shingen ƙarfensa har sau arba'in. Da ƙaramar salla ta kai masa sabon yadi mai geza, wanda ta ɗinka da hannunta da idonta mai hazo.

Ranar Alhamis ɗin nan da hantsi likita ya fito daga ɗakin tsoho ya ce a kira dangi. Da ta shiga, Fazal Din ya kama wuyan hannunta.

"An samu, 'yar nan?"

"Saura kaɗan, Abba."

"Tun kina yarinya ba ki iya ƙarya ba." Ya juya fuska ga bango. "Me zan ce wa kakata Rajjo idan na tarar da ita?"

Ba ta yi kuka ba. Ta zura takalmi ta nufi korama, rana na dukan ta, ba ta tsaya sayen fure ba.

"Baba!" ta ce da ƙarfi, har tattabaru suka tashi. "Akuyar matar wanzami ka mayar cikin kwana biyu. Ni me na yi maka? Alhamis arba'in ina zuwa da wannan gwiwa!"

Nazar ya taso yana gyara rawani. "Haba Bibi, da waliyyi kike faɗa?"

"Da shi fa. Wanda ya karɓi kaya bai yi aiki ba, sunansa maci amana ko a ƙasa yake ko a sama. Ya ba ni yadina."

"Ki ji tsoron Allah, tun zamanin kakana ba a taɓa buɗe shi ba!"

Ta riga ta cafki gezar. Ta fizga da dukan haushin shekara guda. Nata ya taso, ya jawo na ƙarƙashinsa, wancan ma ya jawo wani, har ruɓaɓɓen na can ƙasa wanda ya manne da farar ƙasa ya ɓantaro ta ɓawo guda. Ƙura ta turnuke. Nazar ya dafe kai yana salati.

Kurshid ta tsaya tana haki, yadi a hannu. Karatunta bai wuce aji uku ba, amma waɗannan haruffa shida da aka sassaƙa a jikin dutsen kabarin ta san su, don da su sunan garin ya fara a allon tashar jirgin ƙasa: WILMOT.