Rumbu Mai Tauna

Irmiya, tunda ikilisiya ta damƙa maka hatsin baiko na bana, zauna in ba ka wani misali kafin ka fara ɗaure bakin buhuna.

A wani ƙauye an yi wani dattijo da aka ba riƙon rumbun majami'a. Kowace kaka masu bi sukan kawo dammunan gero da dawa ranar godiya, a jera a ciki domin gwauraye da marasa ƙarfi. Mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ko zangarniya ɗaya bai taɓa kaiwa gidansa ba. Sai dai tun yana yaro ya ga yunwa da idonsa, ta ci masa ƙanne, tsoronta kuma bai taɓa sakinsa ba. Wata shekara damina ta yi gardama, aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta ƙone. Mutane suka fara zuwa da ƙorai. Duk wanda ya zo sai ya ce masa a ƙara haƙuri, wannan ba ita ce yunwar ba, babbar tana tafe. Ya hau ya liƙe bakin rumbun da laka. Ya sauko ya cike ƙarƙashinsa da ƙasa, tsakanin duwatsun da yake tsaye a kai, don kada ɓera ko ɓarawo ya huda ta gindi.

Ba a jima ba ya fara jin wata ƙara. Da tsakar rana take zuwa, lokacin da gari ya yi tsit ko kare ba ya haushi: ƙus-ƙus, kamar mutane da yawa suna tauna a ɓoye da baki rufe. Ya share ƙasa kewaye da rumbun don ya ga sawu, bai ga sawun kowa ba. Kaji suka daina kwanciya a inuwarsa. In ya ɗora tafin hannu a jikin rumbun sai ya ji ɗumi da ɗan motsi, kamar cikin saniya mai tuƙa. Ya kuma lura duk ranar da ya sallami wani hannu wofi, taunar takan ƙaru. Bai gaya wa kowa ba.

Cikin waɗanda ya sallama akwai wata tsohuwa gwauruwa mai riƙon jikoki. Ba ta yi masa musu ba, ta dai ce, "Dattijo, ai abincin yau Ubangiji ya koya mana mu roƙa." Ta kifa ƙwaryarta a ka ta tafi. Ɗan abin da take samu jikokin take ba, har wata safiya ba ta tashi ba. Makabarta tana bayan majami'a. Da aka gama waƙa a bakin kabari, kowa ya sunkuya don addu'a, sai jama'ar duka suka ji taunar nan a fili daga rumbun. Fasto ya ɗaga kai ya dubi dattijon. Dattijon da kansa ya ɗauko tsani ya hau, ya fasa lakar. Dammunan suna nan a jere yadda aka shirya su, kowanne da ɗaurinsa. Ya kai hannu zai ɗauki ɗaya, hannun ya nutse har gwiwar hannu. Jar ƙasa ce kawai da ƙaiƙayi, gara fara fat tana zuba a damtsensa. Ta ƙasar da ya cike gindin ta samu hanya.

Ƙauyen bai mutu ba. Daga makabarta mata suka koma gida, kowacce ta kakkaɓo abin da ya rage mata a gindin tukunya, aka haɗa aka riƙa dafawa wuri ɗaya. Ruwa ya sauka, tafasa da rama suka fito a bayan kowace danga, masu bi na wani gari suka aiko da jakuna ɗauke da rogo. Shi ma dattijon a wannan tukunyar ya ci, kusa da jikokin tsohuwar, kansa a ƙasa. Ya yi shekaru bayan haka, amma in aka zauna cin abinci aka yi shiru ana tauna, sai ya ajiye lomarsa ya tashi.

To, Irmiya, hatsin nan ba kai ka saukar masa da ruwa ba, kuma wanda ya ba da na bana ya san inda ya ajiye na baɗi. In mai bukata ya tsaya a ƙofarka, kwance buhu ka auna masa, kada a wayi gari ana faɗi a kanka abin da Hausawa ke cewa: rijiya ta bayar, guga ya hana.