Babur Mai Ƙafa Uku

Kai da kake cewa sabon aikin da aka ba ka duk ɗaya ne da wanda ka baro, gyara zama ka ji abin da ya sami wani malamin dabbobi.

Mutumin nan ya shekara talatin a kan babur, yana bin rugage yana yi wa shanu allura. Yashi, taɓo, gadar itace, babu inda bai ratsa ba. Yana da wa guda ɗaya wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Damina biyu ke nan wan bai ga gonarsa ba, kuma ba ya iya zama a bayan babur, ga shi ba shi da wani buri da ya wuce ya ga dawarsa a tsaye. Ran nan malamin ya shiga birni, sai ya hangi wani babur a ƙofar gidan wani tsoho, irin ƙirar da, mai ƙatuwar fitila guda, koren fentinsa ya koɗe. A gefensa na dama an haɗa masa akwatin ƙarfe mai kama da ƙaramin kwalekwale, da kujera a ciki, da tayarsa daban. Na hannu ne, amma inji na bugawa lafiya lau. Ya ce a ransa, to, Yaya ya samu ƙafa. Aka yi ciniki aka gama. Tsohon ya miƙa makulli, ya buɗe baki zai yi bayani, sai malamin ya tare shi da dariya: "Haba Baba, shekarata talatin a kan babur." Tsoho ya mayar da bakinsa ya rufe.

Bai kai ƙarshen layin ba kansa ya ɗaure. Ya murɗa totur, babur ya ja dama. Ya taka birki, ya fizge hagu. Da ya iso kwana ya kwantar da jikinsa yadda ya saba, babur ya ƙi kwanciya, ya miƙe ɗoɗar sai cikin tulin kankanar wani bawan Allah. A kwana ta gaba ya karya kan da ƙarfi, sai ga akwatin ya tashi sama, tayarsa na juyi a iska, shi kuma ya tsinci kansa a kwata. Ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya zagaya babur ɗin sau uku. Taya lafiya, birki lafiya, mai bai tsiyaya ba. Ya tsaya yana duban hannuwansa kamar na aro.

Daga nan aka shiga zaryar gareji. Bakanike na farko ya ce kan ne ya goce, ya kwance ya ɗaure. Na biyu ya ce tayar gefe ce, ya sake ta. Mai walda kuwa ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya, ya ce ya gano cutar: babur ɗin ya ɗan jingina hagu, tayar akwatin kuma bakinta ya ɗan karkato ciki. Ya sa wuta da guduma ya miƙe komai sambal. Tun daga ranar abin ya ƙara dagulewa, ko a miƙaƙƙiyar hanya sai ya yi kokawa da babur ɗin, kafaɗunsa su yi tsami. Wani maƙwabci ya ce sammu ne. Wani ya ce tsohon nan ne ya cuce shi. Matarsa ta ce ko dai idonsa ne ya fara rauni. Shi kansa ya rasa wa zai gaskata, har ta kai in ya hau tsohon babur ɗinsa mai ƙafa biyu sai ya ji yana shakkar kwana. Dawa ta fitar da kai, ta nuna. Kullum ya je gaida wansa sai ya ce masa gobe, domin ba zai ɗora marar lafiya a kan abin da ya kayar da lafiyayye ba.

Da dabara ta ƙare, sai ya lallaɓa da babur ɗin ya koma wurin tsohon, yana shirin faɗa. Tsoho ya duƙa ya ga tabon walda, ya yi salati, ya riƙe baki.

"Wa ya miƙe shi? Ai wannan ƴar karkatar ita ce daidaitarsa. Ɗana, wannan ba a kwantar da shi, juya shi ake yi kamar amalanke. In babu kowa a akwati, buhun yashi ake sa masa. Babur ba shi da laifi. Shekara talatin ɗin nan taka ita ke kayar da kai."

Sai da aka kwana uku ana mayar da karkatar inda take. Shi kuma ya yi mako biyu a filin idi da buhun yashi a gefe, yana zagaye a hankali, da furfurarsa, masu wucewa suna tsayawa kallo. Koyon bai ba shi wuya ba kamar mantawa da abin da ya saba.

Ranar da ya kai wansa gona, an riga an girbe, an ɗaure, an kwashe. Babu komai sai kara a zube da awaki suna tsince-tsince. Wan ya daɗe a zaune cikin akwatin yana kallon filin. Ƙanin kuwa yana riƙe da kan babur, har yanzu bai gama gane yadda abin da ya fi iyawa a duniya ya zame masa tarko ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.