Sunanta a Goshin Jirgi

A bakin teku a Lamu, Famau ya yaye buhun da ya rufe goshin tsohon jirgin iskan da yake gyarawa. Malamin makaranta ne, ba masassaƙi ba. Kullum ya toshe ɓaraka da auduga, sai ruwa ya ɓullo ta wata.

Mwanaisha ta ga sunanta, fenti bai bushe ba, tsohon sunan yana leƙowa daga ƙarƙashi. Jirgin mijinta ne, wanda teku ta maido babu kowa ciki.

"Ki aure ni," Famau ya ce.

Ta shafa katakon, ta janye hannu da sauri.

"Malam, wa ya ce maka ana sauya wa jirgi suna? Teku ta riƙe min miji, yau kuma ka faɗa mata sunana."