Ɗakin Baba

Malama ta zo ne da niyyar ta ce a'a. Tun a mota take haɗa abin da za ta faɗa wa Dogo, mai shagon magani da ke neman aurenta: ba za ta iya barin mahaifinta ba, wanda shanyewar ɓarin jiki ta zaunar a keken guragu.

Ta san Dogo ya daɗe yana zawarcin wani gidan sama a tsakiyar babban birni, kusa da shagonsa. Sai ga shi ya kira ta wani ƙaramin gari na gefen birnin, yana tsaye da makullai a ƙofar gida mai ƙanshin sabon fenti.

"Ina gidan saman?" ta tambaya.

"Na fasa. Wannan na saya." Ya sosa ƙeya. "Taka a hankali, simintin bai gama bushewa ba."

Ta dubi ƙasa. An rushe matakalar ƙofa, an zuba gangara mai faɗi. A ciki ma an faɗaɗa ƙofar ɗaki ɗaya, an kafa ƙarfen dafawa a bango.

"Ɗakin Baba ke nan, idan kin yarda. Idan shi ma ya yarda."

"Shagonka fa? Kullum sai ka sha wannan tafiyar?"

"Mota ce za ta gaji, ba ni ba."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta daɗe tana kallonsa.

"Allah ya saka maka da alheri, Yaya," ta ce a hankali. "Baba yana son iska. Ka sa a gyara masa tagar nan kafin mu tare."