Kwamfutar da Tsoho Ya Sa a Haɗa

Injiniya, mai shagon haɗa kwamfuta, yana ɗaura fanka a cikin akwatin wata kwamfuta lokacin da wani tsoho ya yi sallama a bakin shago. Ya amsa can ƙasan maƙoshi. Bai ɗago ba, bai kuma nuna masa kujera ba.

Tsohon ya ce kwamfutar wasan gem yake so a haɗa masa tun daga tushe, irin wadda masu wasa ke kwaɗayi. Injiniya ya yi wata guntuwar dariya, ya ce akwai shaguna goma a layin nan. Tsohon ya ce ya wuce su duka.

Aka shiga zaɓe. Injiniya ya dinga sauko da kwalaye daga kanta yana dire su a kan tebur kamar mai jifa. Ya tura firosesa biyu, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, gaban tsohon ya ce ya ɗauki ɗaya. Tsohon ya dubi wannan, ya dubi waccan. Shi ko wayar aljihunsa mai madannai ce.

"Wa zai yi wasan?" in ji Injiniya.

"Kai dai zaɓi wadda za ka ɗauka in da kai ne."

Injiniya ya ja tsaki, amma ya ware babbar.

Da aka zo kan katin hoto, wanda shi ne ran kwamfutar wasa, sai ya jawo wani tsohon yayi mai ƙura, ya ce wannan ya isa. Tsohon bai taɓa shi ba. Ya nuna wani da ke kulle shi kaɗai a cikin gilashi.

"Wancan na 'yan zaman banza ne," in ji Injiniya, "waɗanda ba za su taɓa zama komai ba. Ba haka ake cewa ba?"

Tsohon ya haɗiye maganar, ya ce a buɗe gilashin.

Daga nan sana'a ta rinjayi fushi. Katin yana shan wuta, don haka Injiniya ya mayar da ƙaramar na'urar wutar da ya fara ajiyewa, ya ɗauko mai ƙarfi. Ya canza akwati saboda katin ya yi wa na farko tsawo. Ya ƙara fanka uku. Bai yi bayanin ko ɗaya ba, shi ma tsohon bai tambaya ba.

Awa uku yana haɗi. Tsohon ya daɗe a tsaye, sannan ya zauna a kan wani kwali, idonsa a kan hannuwan Injiniya. Sau biyu ya buɗe baki, sau biyu ƙarar sukurdireba ta katse shi.

Da la'asar aka danna madannin kunnawa. Fankoki suka juya ba ƙara, allo ya kawo. Tsohon ya biya ba tare da neman ragi ba, abin da ya ƙara ɓata wa Injiniya rai. Ya tambaya, a daƙile, ina za a kai ta.

Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya dafa akwatin.

"Ba inda za ta. Taka ce."

Injiniya ya zare filogi daga bango, fankokin suka yi ta lafawa har suka tsaya. A karon farko ya dube shi ido cikin ido.

"Shekara goma sha huɗu ke nan da ka farfasa tawa da guduma ka kore ni daga gida, Baba, sai yau ka gane hanyar shagona?"