Azurfar Kaka

A kaf garin Gondomar ba a taɓa haihuwar wanda zai yaudari idon Armindo Quelhas a kan azurfa ba. Magana ce tabbatacciya, domin daga bakin Armindo kansa ta fito.

Shekara da shekaru yana zaune a shagonsa, tabarau mai ido ɗaya maƙale a fuska, yana karya zukatan magada. Mace za ta shigo da zoben markasita, irin na azurfa mai duhu-duhun nan da aka jera wa ƙananan duwatsu masu ƙyallin ƙarfe, tana share hawayen kakarta. Kafin ta fita sai ta ji cewa zoben bai girmi jikanta ba. Armindo na kiran wannan aiki taimakon al'umma.

Ana nan sai 'yarsa tilo, Benedita, ta kawo saurayi. Telmo sunansa, direban motar asibiti, mutum mai kunya da yawan gaisuwa. Laifinsa guda ne: ya ba ta zoben markasita na baiko, ya kuma ce na kakarsa ne. Da labari ya kai wa Armindo, sai ya yi murmushin mahaucin da ya hango rago. Ya rantse ranar Lahadi zai duba zoben a gaban kowa, in ya zama na jabu, ƙafarsa ba za ta taka coci ta raka Benedita ba. Sai dai a yi hayar wani uban.

Matarsa, Dona Ermelinda, ta riga ta saba. Shekara talatin da takwas tana jin rantsuwarsa. Ta ci gaba da jiƙa busasshen kifinta.

Ranar Lahadi aka ci kifi da dankali da man zaitun. Telmo ya yaba girkin sau huɗu. Da matan suka gama wanke kwanuka, Armindo ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya maƙala tabaransa.

"Ermelinda, a fito mana da dukiyar gadon nan."

Ta kawo zobe a kan faifan kofi, ta ajiye, ta koma ta tsaya bakin ƙofa tana goge hannu. Benedita ta zauna, hannuwanta a ƙarƙashin tebur.

Telmo ya leƙa faifan, ya gyara zama. "Senhor Armindo, ai wannan ba..."

"Yaro, in likita na aiki, direba shiru yake yi."

Armindo ya auna zoben a tafin hannu, ya juya cikinsa. Azurfar dai ta gaskiya ce, ya amsa da ƙyar, kamar ana cire masa haƙori. Amma hatimin da ke ciki, hoton kan gaggafa da lamba 925, a gabansa aka fara buga irinsa yana saurayi. Sai dai in kakar ta tashi daga kabari ta je ta yi layi.

Ya koma kan duwatsun. Maƙeran da, in ji shi, da tsinin ƙarfe suke ɗago 'yan ƙwayoyin azurfa su danne kowane dutse, har idon mutum ya mutu kafin ya gama zobe ɗaya. Wannan kuwa gam ne. An haƙa rami, an ɗiga gam, an jefa dutse. Uku ma sun taɓa faɗuwa, wani ya mayar da su da gam ɗin gyaran takalmi. Duhun da ke tsakanin duwatsun kuma ba na tsufa ba ne, da farar wuta aka turara shi cikin minti biyar. Cinyewar gefen nan? Wanke-wanke ne na shekara talatin da ɗoriya, ba ƙarni ba.

"Har maƙerar na sani," in ji shi, daɗi ya cika shi. "Bayan kasuwa take, an rushe ta yanzu. A can na koyi aiki. Talatin muke fitarwa a wuni, masu yawon buɗe ido su kwashe suna godiya."

"Baba, ya isa haka," in ji Benedita.

Bai isa ba. Armindo ya cire tabarau ya yanke hukunci: Yuro ashirin, in mai sayen ya sha giya. Sannan ya nuna Telmo da yatsa ya ce duk namijin da zai dubi mace ido cikin ido ya kira wannan abu gadon kaka, bai cancanci a ba shi aron kaza ba, balle 'ya. Macen da ta auri irinsa kuwa, ta'aziyya ta kamata a yi mata.

"Ka tabbata, Armindo?" in ji Ermelinda daga bakin ƙofa. "Ko ka matsa kusa da taga? Hasken nan ba shi da kyau."

"Ni za a ce wa in matsa kusa da taga? Ko a cikin rijiya zan gane shi."

A nan ne Benedita ta fito da hannunta na hagu ta ɗauki kofi. Zoben Telmo na yatsanta, bai je ko'ina ba.

Armindo ya dubi yatsan, ya dubi faifan.

"Na karɓi ta'aziyyar," in ji Ermelinda. "Sai ka goge takalmanka na zuwa coci."

Ta ɗauki zoben daga kan farin ƙyallen ta zura a yatsanta, ya zauna daram. Armindo ne ya sa mata shi da hannunsa ranar baikonsu, ya ce na kakarsa ne.